Wa Zai Yi Wa Nasima Zaman Jego?

Kathor, bakin kogin Tapi
Watan Oktoba

Hajra Apa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa cike da tasa daga ƙanwarki Zulekha, wadda kika bari a Kathor kamar tsinke, yanzu kuwa ƙofar ɗaki ke yi mata kaɗan. Ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya a tsibirinku na Reunion da ke ƙarƙashin Faransa. Ya ƙafa? Ya kunne? An ce yanzu sai an yi miki magana kamar ana kiran mai kwale-kwale daga wancan ƙetaren, shi ya sa na ce gara in rubuto, takarda ba ta buƙatar ihu. Ni dai alhamdu lillahi, ban da gwiwar hagu da ke faɗa mini za a yi ruwa tun rediyo bai sani ba. Sauran haƙorana suna gaishe ki. Ba su da yawa, gaisuwar ba za ta ci miki lokaci ba.

Yanzu ga maganar. Jikata Nasima, 'yar marigayiya Bilkis, wadda na goya tun ba ta iya zama ba, kin san tana nan kusa da ke, a saman kantin mijinta Ayub. Cikin nan nata na fari ya shiga wata na shida, likita ya ce sai Janairu. Ta bugo waya wai in ya kai bakwai za ta taho ta haihu a ɗakina, kamar yadda kowace 'yar Kathor ke komawa gida haihuwar fari. Na ce, "Zauna inda kike, sarkin rawar kai. Ki hau jirgi da wannan randar a gaba? Ni zan zo. Ni zan gasa ki, ni zan wanke jaririn, ba zan bar gidan ba sai an yi arba'in." Ta ce, "Nani, kin tabbata?" Na ce, "Na taɓa yi miki ƙarya?" Ta ce, "Kullum." Kin ji 'ya'yan zamani.

Ba zan ɓoye miki ba, har da son ganin tsibirin nan. Shekara hamsin kina rubuto mana dutse mai aman wuta, da teku a bakin taga, da gidanki mai bene. Gani ya kori ji. In na tarar benen nan tudun ƙofa ne, duk Kathor sai ta sani.

Kin san mutanenku ba sa ba da biza sai wani ya sa hannu a ofishin magajin gari cewa zai ba baƙo wurin kwana. Ayub ya je, aka ce ɗakinsu ya yi ƙanƙanta. Ƙanƙanta! Mu da muka tashi a ɗakin kakarmu Dadi kamar ashana a kwali, har da akuya in ana ruwa. Yaron nan kunya ta hana shi barci. Na ce masa ya bar mini. Na bugo wa ɗanki Kasim a Paris, na sa muryar mai shirin mutuwa, na ce ba ni da burin da ya wuce in ga hasumiyar ƙarfen nan kafin a rufe ni. Allah ya yi masa albarka, har da kuka. Ya aiko takardar. A ofishin jakadancinsu na Mumbai yarinyar da ke bayan gilashi ta ce me zan je yi, na ce hasumiya. Ga fasfona nan da biza ta wata uku, sai ƙyalli take yi.

Za ki ce me ya hana ni roƙon ki, ke mai babban gida. Don in kwana a takardarki ki riƙa yi mini gori har kabari? Allah ya kiyaye. Faransa ai Faransa ce. Kan sarkin da ke kan wasiƙunki nasu ne, kuɗinku ɗaya, shugabanku ɗaya. Wanda aka buɗe wa ƙofar gida wa zai hana shi leƙa ɗakin baya?

Tsakiyar Disamba ina tafe. Na soma daka ƙaro da hulba, alewar mai jego har gwangwani biyu zan yi, da man shanu na gaskiya. Ke kuma ki naɗe hannu ki sha kallo. Ban yarda ki taɓa mini jariri ba. Na tuna ranar da Dadi ta ba ki ɗan tsako ki riƙe, kika matse shi don so har ya daina motsi. Hannunki na awon yadi ne a kanti, ba na riƙon abu mai rai ba.

Ƙanwarki mara jin magana,
Zulekha

*

Saint-Pierre
Watan Nuwamba

Zulekha,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Ƙafa da sauƙi. Kunne yana jin abin da ya kamata ya ji.

Kin ce in naɗe hannu, na naɗe. Matar Kasim, Shirin, za a yi mata aikin ƙashin baya farkon Janairu. Za ta daɗe a kwance, ga yara uku, shi kuma yana fita aiki tun asuba. Tun watan jiya yake roƙona in je, ina ce masa ba zan bar Nasima ba ita da ba ta da uwa. Tunda mai jegon ta samu wadda ta fi ni hannu, na ce masa ina zuwa. An yanki tikiti.

Nasima lafiya, sai ƙafafunta da suka ɗan kumbura. Ta sayi katifa dominki, ta tura gadonsu jikin bango don ki samu wurin miƙe ƙafa. Kullum sai ta leƙo kantina ta ce mini saura kaɗan Nani ta zo.

Ban san kin fi son ki yi wa ɗana ƙarya a kan ki nemi alfarma wurina ba. Benen yana nan. Zan bar makulli wurin Ayub, ki hau ki gani.

Hajra

*

Kathor
Watan Disamba
(Ta faks, daga shagon waya na Harish-bhai)

Apa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni jikina lafiya, kuma da ma a ce ba lafiyar ba ce, da na samu abin fakewa.

Ki duba sunan garin da ke saman takardar nan. Ina Kathor.

Unguwa guda ta yi hayar bas ta raka ni Mumbai. An rataya mini furanni har ba na ganin hanya. Kowa da saƙonsa, wannan busasshen mangwaro, wancan yadi, gwangwanayen alewata kuma na rungume su a cinya. A ƙofar filin jirgi aka yi koke-koke, bas ta juya, ɗana Imtiyaz ya tsaya a waje don ya ga tashin jirgi. Na shiga ina taƙama kamar matar gwamna.

Yarinyar da ke karɓar kaya ta duba tikiti, ta duba fasfo, ta sake duba tikiti, ta kira ni Maji, yadda ake girmama tsohuwa.

"Maji, ina za ki?"

"Faransa, 'yata."

"Tikitinki ya ce tsibirin Moris, daga can Reunion."

"Ita ce Faransar tamu. Duk 'yan Kathor da aka ce sun tafi Faransa can suke."

Sai ta kira babbansu, wani mai gashin baki kamar tsintsiya. Ya ɗora yatsa a kan bizar ya ce, "Maji, wannan ba ta shiga tsibirin. Tasu daban ce, sai an rubuta sunan wurin a jikinta."

Na ce, "Ɗana, tsibirin na wa ne?"

"Na Faransa."

"Wannan hatimin fa?"

"Na Faransa."

"To tsakanin ni da kai wa ya sha wani abu?"

Ya danne dariya. Ya ce da wannan bizar zan iya shiga Paris, in wuce Jamus, in wuce Italiya, ba mai tare ni. Na ce, "Ina da jika mai ciki a Jamus ne?" Ya ce ko sun bar ni na hau, can za a juyo da ni. Na roƙe shi da girman mahaifiyarsa. Na buɗe gwangwani na nuna masa alewar, na ce ka ga, ta mai jego ce, marainiya ce, ba ta da kowa. Na gwada suma, gwiwar nan ba ta bar ni na faɗi da kyau ba. Shi da kansa ya ɗauko mini kujera da ruwa. Mutumin kirki ne, Apa. Na so a ce mugu ne in samu wanda zan zaga.

Mun dawo a jirgin ƙasa, Imtiyaz bai ce mini uffan ba har tashar Surat. Da rana tsaka na shigo unguwa da furannina a leda. Matar mai gurasa ta leƙo ta ce, "Zulekha-ben, har kin dawo? Kai, jiragen yanzu da sauri suke!" Ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba, na wuce kamar kurma.

Imtiyaz ya koma ya tambaya. Sai an sake sabuwar takardar masauki daga tsibirin, a sake nema tun daga farko, kuma an ce kada mu sa rai kafin haihuwa. Nasima kuwa cikinta ya shiga wata takwas, ba jirgin da zai ɗauke ta. Lokacin da za ta iya tahowa ni na ce ta zauna.

Na bugo mata. Na shirya labari mai ban dariya tun daga gida, har da gashin bakin mutumin. Ta saurara har ƙarshe, ba ta yi dariya ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ba komai, Nani. Katifar ma za ta yi amfani in jaririn ya girma." Tun tana ƙarama in ta ce ba komai, to abin ya kai ƙashi.

Apa, bakina ne ya kore ki, bakina ne ya zaunar da ita. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma wannan zafin bakin yarinyar nan zai ƙona. Don Allah ki fasa tafiyar. Ki manta abin da na rubuta, wasa nake yi, kin san ni.

Zulekha

*

Kathor
(Faks kuma)

Apa,

Sallama. Ko takardar ba ta fito ba ne? Harish-bhai ya rantse na'urar ta ce ta isa. Kullum sai na zo na zauna a bencinsa, har ya fara ba ni shayi kamar mai jiran gado. Na bugo kantinki, aka ce kin fita. Na sake bugowa, aka ce kina salla. Ban san akwai salla da hantsi mai tsawon wannan ba.

Ki zage ni ma na gode. Shirun ne ba na iya ɗauka.

Zulekha

*

Saint-Pierre
Ƙarshen Disamba

Zulekha,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke. Duka biyun sun fito. Na yi shiru ne don kada in rubuta abin da zan nemi gafararsa.

Wasa kike yi, wai na san ki. To ke kin san ni? An rubuto muku a Kathor cewa ɗana na fari ya koma, kuka yi addu'a, kuka manta. Ba a rubuto muku yadda ya koma ba. Shekarata sha takwas, ban iya yaren garin ba, mijina yana yawon talla a ƙauyukan kan dutse. Ni kaɗai a ɗakin bayan kanti. Ba wanda ya nuna mini yadda ake wanka, ba wanda ya ce mini wannan numfashin ba daidai ba ne. Ina rungume da shi ina zaton barci yake yi. Ko suna ba a yi ba. Kasim da ƙannensa, wata maƙwabciyata Kirista, Allah ya saka mata, ita ta yi musu wanka har suka yi ƙwari. Tun daga wancan ban sake sa jariri a ruwa da hannuna ba. Duk da haka na ce zan daure saboda Nasima, don kada ta zauna a irin ɗakin da na zauna. Sai takardarki ta zo da labarin ɗan tsako.

Yanzu kin ce in fasa. Wa zai zauna da 'ya'yan Kasim? An sa ranar aikin Shirin, uwarta ta rasu, 'yan uwanta suna Kanada. Ƙaramar ko makaranta ba ta shiga ba. In ce wa ɗana ya bar matarsa a asibiti da yara a titi saboda Zulekha ta yi wasa?

Nasima ta daina leƙowa kanti. Likita ya ce jininta ya hau, ta rage hawa da sauka. Ayub yana ƙasa yana awon kaya, ita tana sama tana kallon katifarki. Na kai mata miya jiya, ta ce kada in gaya miki ba ta barci. Na gaya miki.

Ba ni da jiki biyu.

Hajra

*

Kathor
Ranar da takardarki ta fito

Apa,

Assalamu alaikum. Ba zan tambayi ƙafa da kunne ba yau, ba ni da fuskar.

A tsaye na karanta, a shagon mutane. Da na kai tsakiya sai na zauna a ƙasa. Wallahi ban sani ba. Na tuna tsakon da ya mutu shekara sittin, na manta ɗan mutum. Wannan irin ƙwaƙwalwa ce Allah ya ba ni, mai ajiye abin dariya ta zubar da sauran. Ba zan ce ki yafe yanzu ba, yafiya ba a karɓar ta da gaggawa kamar canji. Ki ajiye ta wurinki, in kin ga dama wata rana.

Amma ki saurara, ko da sau ɗaya ne maganata ta yi amfani. Kin ce ba ki da jiki biyu. Ga nawa, yana zaune a Kathor ba ya tsinana komai. Bizar nan da ta ƙi kai ni wurin jikata, mai gashin baki da kansa ya ce za ta kai ni Paris. Sunan Kasim ne a takardar masaukin, adireshin gidansa ne. Duk abin da na faɗa wa yarinyar bayan gilashi zai zama gaskiya, ban da hasumiyar. Ni in je in zauna da jikokinki, in yi jinyar Shirin. Ke ki zauna da tawa.

Na yi renon 'ya'ya shida da jika ɗaya. Na yi jinyar surukata shekara uku tana kwance, kin san halinta, ko mala'ika sai ya yi tsaki. Imtiyaz ya ce ana iya juya tikitin. Ya buɗe baki ya yi mini magana a karo na farko tun Mumbai, ya ce, "Mama, wannan karon ni zan karanta takardun."

Na san abin da nake roƙo. Ina cewa ki koma ɗakin da kika gudu daga cikinsa. In ba za ki iya ba, ki ce ba za ki iya ba, ba zan ƙara kalma ba.

Zulekha

*

Saint-Pierre

Zulekha,

Salam. Na yi magana da Kasim. Ya ce daman ya yi mamakin tsohuwar da ke mutuwar son hasumiya amma ba ta taɓa tambayar ranar zuwa ba. Zai tare ki a filin jirgi da rigar sanyi.

Sharaɗi: kada ki ba jikokina labarin aljanun kogin Tapi, babbar tana fitsarin kwance in ta tsorata. Kada ki gyara wa Shirin kicin. Kada ki kira ni a gabansu da sunan da kike kirana muna yara.

Ɗan Musa mai agogo na unguwarku zai taho nan ranar Juma'a, shi takardunsa daidai suke. Ki ba shi gwangwanayen. Ki rubuto mini yadda ake wankan, dalla-dalla, ɗumin ruwan da inda ake sa hannu. Kada ki sa wasa a ciki.

Tsoro nake ji. Na faɗa miki ne don ba wanda zan faɗa wa.

Hajra

*

Wajen Paris, gidan Kasim
Watan Janairu

Apa,

Assalamu alaikum daga cikin firij. Ina fatan kuna lafiya. Gwiwata ta daina hasashen ruwa, ta koma kuka kawai. Rana a garin nan kamar ma'aikacin gwamnati take, ta makara ta kuma tashi da wuri.

An yi aikin, an dace. Shirin ta dawo gida, ina juya ta, ina goge mata jiki. Ranar farko kunya ta sa ta rufe fuska da matashi, na ce, "'Yata, na ga bayan da ya fi naki muni, nawa ne." Ta yi dariya har ɗinki ya yi mata zafi, Kasim ya harare ni. Yaran ba sa jin yarenmu sai "zo" da "ci", ni kuma ba na jin nasu, don haka ba mu taɓa faɗa ba. Ƙaramar da haɓarki ta zo, da kuma kallon nan naki na mai bin bashin gaisuwa. Kicin ɗin ban gyara ba. Na dai matsar da gishiri.

Takardar wankan ta isa? Gwiwar hannu za ki tsoma, ba yatsa ba. Tafinki a ƙarƙashin ƙeya, babban yatsa bayan kunne. In ya yi ihu ki gode wa Allah, mai ihu lafiyayye ne.

Apa, talabijin ta nuna guguwa ta nufo tsibirinku. Wani farin abu yana juyawa a kan teku kamar ana dama kunu, ku kuma ɗan ɗigo a gefensa. Kasim ya ce duk shekara haka ne, amma na ga yana ta danna waya, ba ta shiga. Tun shekaranjiya ba ta shiga. Kwanakin Nasima kuma sun cika.

Ina yanka albasa ina lissafi. Da na bar ta ta taho, da yanzu tana kan gadon igiyata, garwashi a ƙarƙashi, matan unguwa sun cika ɗaki da surutu. Son ganin bene ne ya kai ta haihuwa cikin guguwa. Jikokinki sun ɗauka albasar ce.

Ban san ranar da wannan za ta same ki ba. Ki rubuto ko layi ɗaya.

Zulekha

*

Saint-Pierre
Ƙarshen Janairu

Zulekha,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke, mu duka. Na fara da wannan don ki ajiye wuƙar. Kasim ya riga ya gaya miki mace ce, amma waya ba ta riƙe magana, ga yadda aka yi.

Da aka ce guguwa na tafe, likita ya ce a kawo ta asibiti tun hanya ba ta rufe ba. Ayub ya kai mu, ya koma ya buga katako a ƙofar kanti, sai aka hana kowa fita. Bai samu dawowa ba sai da komai ya wuce. Daga ni sai ita sai ungozoma.

Naƙudar ta yi tsawo. Jinin ya hau, suka yi ta shige da fice suna magana ƙasa-ƙasa, sun manta ina jin yarensu. Na tsaya a kanta. Sau biyu na kalli ƙofa. Ba zan yi miki ƙarya ba, da ba a kulle garin ba ban san abin da zan yi ba.

Da abin ya tsananta ta daina gane mutane. Ta damƙe hannuna tana kiran, "Nani! Nani, kina nan?" Ungozoma ta kalle ni. Na ce, "Ina nan, sarkin rawar kai. Yi nishi." Da muryarki na faɗa, har da tsiwar. Ta yi ta kira, na yi ta amsawa, har yarinyar ta faɗo tana tsala ihu kamar an taɓa mata gado.

Na yi wankan. Ranar farko Nasima ce ta riƙe mini gwiwar hannu. Yanzu ni kaɗai nake yi, Ayub yana tsaye da tawul kamar dogari. Jinin ya sauka. Tana cin alewarki, ta ce hulbar ta yi yawa kamar kullum. Na dawo da su gidana har arba'in.

Abu ɗaya. Bayan ta dawo hayyacinta ba ta koma ce mini Hajra Khala kamar yadda ta saba ba. Nani take cewa. Ban hana ta ba, ban kuma san ko ya kamata in hana ba. Sunanki ne. In kin ce a mayar miki, zan gaya mata.

Na je ofishin magajin gari na sa hannu a takardar masaukinki. In kin koma Kathor ki nemi bizar da ta dace. Ki ba Imtiyaz ya karanta.

Hajra

*

Wajen Paris
Watan Fabrairu

Apa,

Assalamu alaikum. Shirin ta taka daga gado zuwa taga jiya, yara lafiya, ni ma haka.

Na shiga banɗaki na karanta takardarki, don nan ne kaɗai ƙofa ke kulluwa a gidan nan. Na yi kishi, ba zan ɓoye ba. Shekara ashirin da uku ni kaɗai ke amsa wannan kiran. Na zauna a bakin baho na nemi wanda zan ji haushi, na duba ko'ina, ba kowa a ɗakin sai ni da madubi.

Ta kira, aka amsa. Abin da na roƙi Allah ke nan a kan albasa, ban ce masa lallai sai da bakina ba. Ranar da ta fi buƙata ina nan ina neman safar jikarki a ƙarƙashin kujera, ke kina tsaye a kanta. Kada ki gaya mata komai. Ki ci gaba da amsawa.

Ki sumbaci goshin yarinyar, ki ce mata akwai wata tsohuwa da ta yi mata laifi tun ba ta zo duniya ba, tana tafe neman afuwa in takarda ta yarda.

Zan tsaya nan, ana buga ƙofar. Ƙaramar ce, tana son a goge mata hanci.

Ƙanwarki,
Zulekha